Wane Ne Yake Renon Ɗanka?

Karatu: Luka 2:39-52; 2 Sarakuna 5:1-5
Ayar haddacewa: Luka 2:52



Wata rana da azahar, lokacin kaka, ina zaune a inuwar rumbu ina murza igiyar ɗaurin dawa, sai ɗana na biyu ya dawo daga makaranta. Shekararsa bakwai a lokacin, yana aji biyu na firamare. Bai cire rigar makaranta ba, bai nemi abinci ba. Ya zo ya durƙusa kusa da ni ya yi shiru. Can sai ya ce, “Baba, mene ne arne?”

Na tambaye shi inda ya ji wannan kalma. Ya ce a wurin shan ruwa ne. Ya sha ya miƙa wa wani ɗan ajinsu moɗa, yaron ya ce shi ba zai sha da moɗar da arne ya sha ba, sauran yara suka yi dariya.

Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Ni mai bishara ne, na yi makarantar tauhidi, na yi wa'azin gafara a ƙauyuka da yawa. Amma abin da ya fara zuwa bakina ran nan ba aya ba ce, baƙar magana ce mai zafi, wadda zan ba yaron ya kai wa ɗan ajinsu washegari. Maman yara tana bakin murhu tana jinmu. Ta ɗago kai ta ce, “Maigida, abin da ka faɗa masa yanzu, shi zai riƙe har ya yi furfura.” Sai na haɗiye maganata. Na ce wa yaron ya je ya ci abinci, za mu yi magana da dare.

Tsakanin azahar ɗin nan da dare Ruhu Mai Tsarki ya yi mini faɗa sosai. Ya nuna mini cewa yaron da ya ƙi moɗa bai ƙirƙiro kalmar ba, a bakin wani babba ya tsince ta. Ya kuma tambaye ni: kai fa, waɗanne kalmomi 'ya'yanka suke tsinta a bakinka game da maƙwabtanku, su fita da su waje? Ɗan'uwa, tambayar da na kawo maka ke nan yau. Kai ka haifi ɗanka, kai kake ciyar da shi. Amma wa yake koya masa yadda zai zauna da mutane?

Dubi nassin da muka karanta. Luka ya taƙaita ƙuruciyar Ubangijinmu a aya ɗaya, ya nuna mana girma ta fuska huɗu: hankalinsa ya ƙaru, jikinsa ya ƙaru, zamansa da Allah ya yi kyau, zamansa da mutane ma ya yi kyau. Mu da muka ɗanɗana ikon Ruhu, mukan yi azumi domin 'ya'yanmu su ci jarrabawa, mu ɗora musu hannu domin lafiya, mu yi kwanan addu'a domin su cika da Ruhu Mai Tsarki. Duk wannan daidai ne. Na huɗun ne mukan bari. Na taɓa ganin yarinya tana addu'a da harsuna a taron matasa har jama'a suna ta Haleluya, aka tashi ta wuce tsohuwa ɗauke da itace ko sannu ba ta ce ba. Ruhun da yake ba da harsuna, shi ne kuma yake ba da kirki da tawali'u da kamun kai, kamar yadda Bulus ya lissafa wa Galatiyawa a sura ta 5. In ɗaya ya bayyana ɗayan bai bayyana ba, akwai gyara.

Ka lura da wani abu a labarin. Da Maryamu da Yusufu suka baro Urushalima bayan Idin Ƙetarewa, sun yi tafiyar yini guda ba su ga Yesu ba, hankalinsu kuwa bai tashi ba, don sun ɗauka yana cikin ayari tare da dangi da idon sani. Ashe su ma suna da irin tamu, ɗa na kowa ne. Yaro ɗan shekara 12 yana iya yini a hannun gwaggo ko maƙwabci, ya ci a can, a tsawata masa a can. Da suka same shi a Haikali bayan kwana uku, zaune yake tsakiyar malamai yana saurara, yana tambaya. Yaron da ya iya zama gaban manya, ya san lokacin shiru da lokacin magana, a gida ya koyo. Bayan haka ya bi su zuwa Nazarat yana yi musu biyayya. Ɗan Allah ke nan, amma Uba bai rene shi a cikin gajimare ba. Ya sa shi a gidan masassaƙi, cikin dangi, cikin ƙaramin gari mai al'adunsa.

To, bari mu shiga gidanka. A nan ƙasar Shanono gidajenmu a haɗe suke, danga ɗaya ta raba ka da ƙanenka, gonarka tana iyaka da ta maƙwabci. Yaro ba ya buƙatar a zaunar da shi a ce yau za a koya masa zaman duniya. Yana koyo a bakin kwanon tuwo: wa yake fara sa hannu, wa ake bar wa ƙarshen loma, ko ana cewa “bismillah, zo mu ci” in baƙo ya yi sallama, ko kuwa ana tura kwano ƙarƙashin gado. Yana koyo a gona ranar noman farko, in ya ga ka karkata kunya ka ci taki ɗaya cikin iyakar ɗan'uwanka. Ba zai ce komai ba, amma ya gani. Yana koyo da dare, lokacin da kuke tsammani ya yi barci, ku kuwa kuna yanka naman fasto da matarsa, ko kuna faɗin abin da ba za ku iya faɗa a gaban mai unguwa ba. Zana ba ta tare magana. Safiya ta yi ka ce masa ya girmama na gaba, shi kuwa ya riga ya ji yadda kai kake girmama su.

'Yar'uwa, ke ma ina magana da ke. Yadda kike amsa wa maigida in ranki ya ɓaci, haka 'yarki za ta amsa wa nata. Kai kuma maigida, ɗanka yana kallon hannunka. In da mari kake raba gardama da uwarsa, ka koya masa cewa mai ƙarfi shi ne mai gaskiya, zai kuwa gwada darasin a kan ƙannensa tun kafin ya yi gemu.

Eli firist ne, shekara 40 yana shugabancin Isra'ila, amma gidansa ya rushe ta hannun Hofni da Finehas. Ba wai bai taɓa yi musu magana ba. Ya yi, amma sai da ya tsufa tukuf, labarinsu ya cika gari, sa'an nan ya yi musu 'yar nasiha mai sanyi. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Laifin da Allah ya kama shi da shi, shi ne ya sani bai hana ba. Abin mamaki, a wannan gida ɗin ne Sama'ila ya tashi, yana ganin duk abin da 'ya'yan Eli suke yi da naman hadaya, bai bi su ba. A 1 Sama'ila 2:26 an ba da shaidarsa kusan daidai da wadda Luka ya bayar a kan Yesu, cewa ya sami karɓuwa wurin Ubangiji da wurin mutane. Me ya bambanta shi? Yana da uwa wadda ta roƙe shi da hawaye, ta rene shi har yaye, kowace shekara kuma takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa Shilo. Hannatu ba ta tare da shi kullum, amma yaron ya san akwai wadda take auna girmansa a zuciyarta.

Wannan ya kawo ni kan wata al'ada tamu da nake so mu duba da idon Maganar Allah, wato kunyar ɗan fari. Ka san yadda take: uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya wasa da shi a gaban mutane, da an yaye shi sai a kai wa kaka. Ban raina kunya ba, kunya ado ce, ita take hana mu abubuwa da yawa marasa kyau. Amma na zauna da samari da dama a ikkilisiya, 'ya'yan fari, waɗanda ba su taɓa jin kalmar yabo ɗaya daga bakin ubansu ba. Sun girma suna tsammani ba a son su. Irin wannan saurayi, duk wanda ya fara dafa kafaɗarsa ya kira shi “abokina”, shi zai bi, ko da mai sayar da ƙwaya ne. A bakin Urdun, Uba na sama ya buɗe murya a gaban taro ya shaida cewa Yesu Ɗansa ne abin ƙaunarsa. Bai ji kunyar Ɗan farinsa ba. In ba za ka iya kiran sunan naka a tsakar gida ba, ka kira shi gefe a gona, ka gaya masa ka ga ƙoƙarinsa. Ba za ka mutu ba.

Haka kuma batun bulala. Littafin Karin Magana ya yi zancen sanda, gaskiya ne. Amma Afisawa 6:4 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Dukan da ka yi don kasuwa ba ta yi kyau ba, ko don taki ya yi tsada, ba horo ba ne, huce haushi ne. Yaron da ake duka ba bayani yakan koyi abu biyu, ƙarya da ɓoye laifi.

Ga ku masu tafiya ci-rani. Na san dalili, da an gama girbi ba abin yi sai wanda ya sami fili a noman rani wajen madatsar Watari ta Bagwai. Saura sai Kano, Abuja ko Legas, wata biyar ko shida. Ban ce kada ka tafi ba. Amma in ka bugo waya, kada ta ƙare a kan “kuɗin sun shigo?” Ka ce a ba ka yaran ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kowa abokinsa, ka yi addu'a da su kafin katin ya ƙare.

Yanzu makaranta. Kakanninmu da yawa ba su yi boko ba, ba su yi allo ba, noma suka sani. Karatu ya shigo gidajen masu bi na karkara ta dalilin son karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932. Daga baya, a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin UPE, firamare ta bazu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Tun daga nan 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu Musulmi suke zama a benci ɗaya, ko tabarma ɗaya inda ba benci. A aji mai yara da yawa, naka yana iya zama shi kaɗai ne Kirista, ko su biyu. A yawancin makarantun ƙauye ba zai sami malamin darasin addinin Kirista ba. A can ne zai fara sanin cewa shi dabam ne, kuma a can ne zai zaɓi yadda zai ɗauki wannan bambanci.

Hanya biyu na ga yaranmu suna bi, duka biyun kuwa rami ne. Wani yakan ji kunyar abin da yake. Ya ɓoye sunansa na baftisma, ya ƙi a gan shi da Littafi ranar Lahadi, yana girma yana janyewa, har wata rana ka neme shi a majami'a ka rasa. Wani kuma yakan taurare. Ya riƙe kowace baƙar magana a ciki, ya ɗauki duk wanda ba namu ba abokin gaba, ya yi ta zuwa sujada da zuciya cike da ɗaci. Na biyun nan yakan ruɗe mu, don muna ganinsa a ƙungiyar mawaƙa muna cewa ya tsaya da ƙarfi. Amma ba za ka iya kai bishara ga mutumin da kake ƙi ba.

Saboda wannan waɗansu iyaye sukan ce gara yaro ya zauna gida ya yi kiwo. Kada ka yi haka. Daniyel makarantar Babila ya yi, shekara 3, ya koyi harshe da littattafan Kaldiyawa, har suna aka canja masa zuwa Belteshazzar. Ya yi karatun da gaske har ya fi sauran. Inda ya ja layi, wato kan abincin sarki, dubi yadda ya yi. Bai kifar da akushi ba, bai zagi kowa ba. Ya je wurin shugabansu ya roƙi izini cikin ladabi, da ya ga mutumin yana tsoron sarki sai ya kawo shawarar a gwada su kwana 10 da ganye da ruwa. Wannan yaro ya san abin da ba zai taɓa yi ba, ya kuma san yadda ake magana da na gaba. An kwashe shi daga Yahuza yana saurayi, ba uwa ba uba a kusa, don haka abin da ya nuna a fadar Nebukadnezzar guzurin gida ne.

Ka taɓa zuwa ka gai da malamin ɗanka? Ba ranar da aka doke shi ba, ba ranar rigima ba. Haka kawai, ka je ka ce, “Malam, sannu da ƙoƙari, ni ne mahaifin wane.” In kaka ta yi ka aika masa da ɗan wake ko gyaɗa. Malaman ƙauye suna aiki cikin wahala, aji cike, kayan aiki babu. Malamin da ya san fuskarka zai sa ido a kan ɗanka, ɗanka kuma zai ga cewa babansa ba ya tsoron mutane, ba ya kuma gaba da su. In an kira taron iyaye da malamai, ka je ka zauna, ka yi magana. Mun cika janye jiki, sa'an nan mu ce an ware mu.

Bari in faɗi wani abu da zai yi mana zafi. Mako yana da awa 168. Makarantar boko tana ɗaukar wajen 25 zuwa 30 a ciki. Makarantar Lahadi fa? Awa ɗaya, in malamin ya zo da wuri. Dubi maƙwabcinka: ɗansa yana gaban allo da asuba, ya je boko, da la'asar ya tafi Islamiyya, da dare wani lokaci a koma karatu a bakin wuta. Wannan himma abar yabo ce, ya kamata ta ba mu kunya. Mu muna so awa ɗaya ta Lahadi ta yi aikin da Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ɗora wa iyaye, cewa a yi ta koya wa yara a zaune, a tafe, da kwanciya, da tashi. Timoti bai sami bangaskiya a taron farkawa ba, a wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya same ta tun yana jariri. Addu'ar iyali ba ta buƙatar difloma. Minti goma sha biyar bayan tuwon dare, waƙa ɗaya, aya ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya same shi yau. A irin wannan zama ne yaro yake fito da tambayar da take cinsa.

Game da al'adunmu kuwa, kada wani ya ruɗe ka cewa bin Yesu shi ne ka daina zama Bahaushe. Mata sun san aikin sheƙa: ba a zubar da hatsi don akwai ƙaiƙayi a ciki. Tsafi, bori, laya a wuyan jariri, tukunyar giya a wurin biki, waɗannan iyayenmu suka bari da suka karɓi Ubangiji, kada mu koma musu ta bayan gida. Amma durƙusawa a gai da babba, cire takalmi a zaure, fita gayya in maƙwabci ya kwanta ciwo da damina, zuwa barka da ta'aziyya ba tare da tambayar addinin mai gida ba, waɗannan hatsi ne. Na ga waɗansu matasanmu sun je birni sun dawo suna miƙa wa dattijo hannu a tsaye, suna cewa wayewa ce. Ba wayewa ba ce, rashin tarbiyya ne. In Sallah ta zo maƙwabta suka aiko da abinci, ka nuna wa yaranka yadda ake godiya. In Kirsimeti ta zo, su ne za su ɗauki kwanon shinkafa su kai gida gida. Yaron da ya saba shiga zauren maƙwabci da sallama ba zai tashi yana ganinsa dodo ba.

Dandali ma ya canja. Dā yara sukan taru a farin wata, 'yan mata suna gaɗa, maza suna langa, kaka tana ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kowane babba da ya wuce yana da ikon tsawatawa. Yanzu dandalin yana cikin waya, a shagon caji, inda ake tura wa yaro finafinai da waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, ba kuwa wani dattijo da yake wucewa ta can. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya cinye matasa, Kano tana cikin inda abin ya fi muni, amma ƙwayoyi ba su ƙare ba, sun iso har ƙauye. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka san sunan abokan ɗanka uku? Ka san gidajensu?

Sai mu zo kan yarinyar nan ta 2 Sarakuna 5, wadda ko sunanta ba a rubuta ba. Mahara daga Suriya suka shiga ƙasar Isra'ila suka sace ta, ta zama baiwar matar Na'aman, shugaban sojojin da suka raba ta da iyayenta. Mu a nan ba sai an fassara mana wannan ba. Tun da 'yan bindiga suka fara tsallako iyakar Katsina suna taɓa ƙauyuka irin su Faruruwa, mun san abin da ake nufi da a kwana ba barci, mun ga yara suna firgita da ƙarar babur. Yarinyar nan tana da kowane dalili na ƙin maigidanta. Da ta ga kuturta tana cinsa, da sai ta ce a ranta alhakina ne. Amma ta je wurin uwargijiyarta ta ce akwai annabi a Samariya wanda zai iya warkar da shi.

Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Ƙaramar yarinya, a baƙuwar ƙasa, ba majami'a, ba fasto, ba uwa. Ba ta manta da Allahnta ba, ba ta ji kunyar ambatonsa a gidan masu bautar Rimmon ba. Ba ta kuma bar ɗaci ya cinye ta ba. Ga shi maganarta tana da nauyi har matar babban soja ta saurara, maganar ta kai kunnen sarki. Ba a sauraron baiwar da aka sani da ƙarya ko tsiwa. Halinta ne ya buɗe wa shaidarta ƙofa. Wa ya koya mata? Wata uwa ce a wani ƙauyen Isra'ila, wadda ba ta san cewa kwanakin da take da su da 'yarta kaɗan ne ba.

Kai ma ba ka san yawan naka ba. 'Ya'yanmu mata nawa ne aka tura aikatau cikin birnin Kano suna da shekara 10 ko 12? Ina roƙonku, iyaye, ku daina wannan in da hali, ku bar su su gama makaranta, kuɗin wata ba zai biya abin da yarinya take rasawa ba. Amma ko ba aikatau, wata rana za su fita: sakandaren kwana, kwalejin Bichi, aure, aikin soja. Abin da ka zuba musu kafin ranar, shi za su tafi da shi.

Kada kuma tsoron mahara ya sa mu koya wa yara ƙin wata kabila. Bafulatanar da take kawo nono ƙofar gidanka shekara da shekaru ba ita ta kai hari ba, su ma Fulani da yawa an kwashe musu shanu. In ɗanka ya ji kana yi wa kabila guda kuɗin goro, ka yi masa daidai abin da aka yi wa yaron da ya ƙi moɗa.

Ka tuna ta yadda bishara ta sami ƙofa a ƙasar nan. A 1937 aka damƙa wa mishan ɗin SIM kula da kutare a lardunan Kano, Katsina da Sakkwato. Asibitocin Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa shaida ne, haka ma asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943. Da wankin gyambo aka fara, a jikin mutanen da danginsu ma suke gudu. Gādonmu ke nan, irin na yarinyar gidan Na'aman.

Da dare ya yi, bayan mun yi waƙa, na kira ɗana na zaunar da shi a gabana. Na ce, “Arne shi ne wanda bai san Allah ba. Kai ka san Allah?” Ya ce, “Na san shi, Baba.” Na ce, “Wa ya mutu dominka?” Ya ce, “Yesu.” Na ce, “To, ba da kai yake ba. Shi ma bai san ma'anar abin da ya faɗa ba, ji ya yi a wani wuri. In ya sake faɗa, ka ce masa kai Kirista ne, kana bauta wa Allah, kada ka sunkuyar da kai, kada kuma ka rama. Gobe in kun haɗu, kai za ka fara gaishe shi.” Ya ɓata fuska ya ce, “Ni kuma, Baba?” Na ce, “Kai.” Muka durƙusa muka yi wa yaron addu'a da sunansa, da iyayensa. Gaskiya addu'ar ta fi yi mini wuya fiye da shi.

Bayan kwana biyu na je na gai da malaminsu, ban kai ƙara ba. Da hira ta yi hira na ambata abin, malamin kuwa, Musulmi ne mai dattako, ransa ya ɓaci, ya ce zai yi wa ajin magana, ya kuwa yi. Ban ce daga ran nan ba wanda ya sake gaya wa ɗana baƙar magana ba. An sake, za a kuma sake. Amma shi da yaron nan sun gama firamare tare, kuma da mahaifin yaron ya rasu, ɗana ne ya ce mini, “Baba, ba za mu je gaisuwa ba?” Muka je.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini maganganun da 'ya'yana suka ji a bakina waɗanda ba su gamshe ka ba. Ina kawo su gabanka ɗaya ɗaya (ambaci sunan kowane yaro, har da ɗan fari). Ka cika su da Ruhunka, ka ba su ƙarfin hali kada su ji kunyar sunan Yesu, ka tsare zukatansu daga ƙiyayya. Ka albarkaci malamansu da abokan karatunsu da maƙwabtanmu. Ka tsare ƙauyukanmu daga mahara, ka komo da waɗanda aka sace gidajensu lafiya. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.